Isawa da Gimi: Bangaskiya Kafin Ginin Coci

A ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan, tambayar ko sai mutum ya shiga coci zai kusanci Allah tana da amsa a tarihin gida. Tarihin nan na Isawa ne, kuma abin da yake nunawa shi ne bangaskiya na iya tsira babu gini, babu fasto, babu suna a littafin ikilisiya, amma ba ta daɗewa babu jama'a.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon mulki a 1855, wani malami mai suna Ibrahim ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya riƙa ba shi matsayin da sauran malamai ba su amince da shi ba. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kano. Almajiransa, wato Isawa, suka watse zuwa duwatsun Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. Ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, ba su da Linjila a hannu, duk da haka suka riƙe koyarwar malaminsu shekaru da dama, uba na miƙa wa ɗa. Sai a 1913 wasu daga cikinsu suka isa Zariya wurin Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS. Daga nan aka tara waɗanda suka karɓi baftisma a Gimi, a ƙasar Makarfi ta yau, ƙarƙashin Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan. Suka sare daji, suka yi gonaki, suka kafa makaranta da wurin sujada.

Wani zai ce Isawan farko ai ba Kirista ba ne, don haka ba hujja ba ne a wannan magana. Gaskiya ne akidarsu daga littafin Musulunci ta taso, kuma da yawansu ba su taɓa shiga coci ba. Amma wannan ma ƙarin hujja ne cewa neman Allah yakan riga kowace hukumar addini isa zuciyar mutum. Sai dai wanda zai fake da su ya zauna a ɗaka ya lura da yadda suka rayu: suna da malamansu, suna taruwa, suna tunatar da juna. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Da kowa ya kama gabansa bayan kisan Malam Ibrahim, da koyarwar ta bi shi kabari.

Wani kuma zai ce taruwar Gimi ce ta jawo musu halaka, tunda cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawa daga mazaunan, aka bar garin. Amma ƙudan tsando ne ya kawo cutar, kuma jama'ar ce ta kwashe marayu da sauran waɗanda suka tsira zuwa Zariya, daga baya zuwa Wusasa lokacin da mishan ya koma can a 1929. A nan 'ya'yansu suka sami makaranta da asibiti, a 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

Saboda haka mai cewa Allah ba ya jin addu'a sai a cikin coci, tarihin Isawa ya ƙaryata shi. Mai cewa shi kaɗai ya ishi kansa kuma, ba shi da abin kafa hujja a wurinsu, domin ba su taɓa bauta a ɗaiɗaiku ba.