Talaka da Ɗan Ƙasa a Gaban Alƙali: Gyaran Shari'a na 1946 a Afirka ta Yamma ta Faransa

Wanda ya taɓa gwada fassara takardun mulkin mallaka daga Faransanci zuwa Hausa ya san wata matsala. Kalmar indigène da kalmar citoyen, duka biyun mukan juya su da "ɗan ƙasa". Amma fa shari'ar zamanin Nasara a kan bambancin waɗannan kalmomi biyu aka gina ta. A wannan ɗan nazari za mu kira na farko "talaka", watau sujet, mu bar wa na biyun "ɗan ƙasa", don mu duba yadda gwamnatin Faransa ta yi niyyar kawar da bambancin a 1946.

Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta raba shari'a gida biyu a Afirka ta Yamma ta Faransa. Nasara, da ƴan garuruwa huɗu na Senegal (Dakar, Gorée, Rufisque da Saint-Louis) waɗanda dokar Blaise Diagne ta 1916 ta tabbatar musu da matsayin ɗan ƙasa, kotun Faransa ke yi musu hukunci, da alƙali wanda ya karanci shari'a. Sauran jama'a kuwa sai kotun talakawa, inda a manyan laifuka kumandan ne ke zama shugaba, da mataimaka daga cikin dattawan gari. A gefen wannan kuma akwai indigénat, wanda ma ba shari'a ba ce. Tun dokar 30 ga Satumba 1887 kumandan yana da ikon ɗaure talaka har kwana 15, ya ci shi tara har tamma 100, ba alƙali, ba lauya, ba ɗaukaka ƙara. Jinkirin biyan haraji, ƙin fita aikin hanya, ko abin da kumandan ya ga rashin ladabi ne, duk sun isa. Shi ne mai ƙara, shi ne mai hukunci, gardinsa ne ke kai mutum gidan kaso.

An yi ƴan sassauce-sassauce. Dokar 1924 ta fitar da wasu daga ƙarƙashin indigénat, kamar sarakuna, ma'aikatan gwamnati da tsofaffin sojoji masu lambar girma. Wannan bai taɓa tushen abin ba, sai dai ya ƙara wani mataki tsakanin baƙar fata su kansu. Taron Brazzaville na farkon 1944 ma shawara kawai ya bayar, cewa a soke tsarin sannu a hankali bayan yaƙi.

Abin ya zo da sauri bayan da wakilan Afirka suka shiga majalisar tsara kundin mulki a Paris, inda Fily Dabo Sissoko ya wakilci Sudan ta Faransa da Nijar. Dokokin 22 ga Disamba 1945 da 20 ga Fabrairu 1946 suka soke hukunce-hukuncen indigénat. Ranar 11 ga Afrilu aka haramta aikin dole, ranar 7 ga Mayu dokar Lamine Guèye ta mai da kowa ɗan ƙasa. A tsakaninsu akwai dokar 30 ga Afrilu 1946, wadda ba a cika tunawa da ita ba, ko da yake ita ce ta fi shafar zancenmu: ta rushe kotunan talakawa a fannin laifuka, ta ce kundin laifuka na Faransa ya hau kan kowa. Aure da gado da rikicin gona aka bar wa al'ada.

To, ina alƙalan? Ba su isa ba ko kaɗan, balle a ƙasa mai faɗin Nijar. Sai aka buɗe kotunan sulhu, aka ɗora jami'an mulki a kan da yawa daga cikinsu na wucin gadi. Bamaraɗe ko Badamagare da aka kawo gaban shari'a a waɗannan shekaru yana iya tarar da Banasaren da ya sani a ofishin haraji, an sake masa suna kawai.

Sai kuma harshe, wanda a ganinmu masana tarihi ba su ba shi haƙƙinsa ba. A tsohuwar kotu, duk da zaluncinta, dattawan da ke zaune suna jin maganar wanda ake tuhuma. A sabuwar, Faransanci ne harshen tuhuma da na rubuta bayani da na yanke hukunci. Komai ya rataya a bakin tafinta, mutumin da Amadou Hampâté Bâ ya nuna girman ikonsa a littafinsa na Wangrin (1973). Mu ɗauki misali guda: Bahaushe ya ce "na ɗauka", tafinta ya juya da j'ai volé. A takarda ya riga ya amsa laifin sata, kuma a ƙarƙashinta zai dangwala yatsa.

Nijar mai ƴanci ta gaji wannan tsari. Kundin laifuka na 15 ga Yuli 1961, wanda aka zana bisa na Faransa, ya tanadi ɗauri ga mai nuna wariyar launin fata ko ta ƙabila a aya ta 102, amma da Faransanci aka rubuta ayar. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci cikin harsunan aiki. Idan ana son a kai kundin laifuka cikin Hausa, aikin farko da ke jiran sashenmu shi ne samo kalmomi uku dabam-dabam na contravention da délit da crime, waɗanda a bakin jama'a duk "laifi" ne.