Ciwon da uwa ke ƙirƙira wa ɗanta: yadda ake gane shi, da abin da yake bar wa yaro

Akwai wani nau'in cutar da yara da ba ya barin shatar bulala a jiki. Mai rainon yaro, galibi mahaifiyarsa, ita ke ƙirƙiro masa rashin lafiya: ko ta shara wa likita ƙarya, ko ta gurɓata fitsarin da za a auna, ko ta ɗura wa yaron abin da zai kwantar da shi da gaske. Daga nan allurai da magunguna da tiyata su biyo baya, likita ya zama hannun da ake cutar da yaron da shi bai sani ba. A Faransanci ana kiran abin syndrome de Münchhausen par procuration.

Sunan na wani hafsan soja Bajamushe ne na ƙarni na 18 da ya yi suna wajen zuƙi-ta-malle. A 1951 likita Richard Asher ya laƙaba shi ga masu ƙaryar ciwo a jikinsu, sannan a 1977 Roy Meadow, likitan yara a birnin Leeds na Ingila, ya bayyana yara biyu: yarinyar da uwarta ke garwaya fitsarinta da nata, da wani yaro da aka riƙa ɗura wa gishiri har ya rasu. Abin da irin wannan uwa ke nema yawanci shi ne tausayi da yabo, a ce ga jarumar uwa mai jinya.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na Gypsy Rose Blanchard a Amurka. Mahaifiyarta ta ɗora ta a keken guragu alhali tana iya tafiya, ta riƙa aske mata kai tana cewa sankarar jini ce, har aka sa mata bututun abinci a ciki. Da likitoci suka nemi tsofaffin takardunta, sai uwar ta ce guguwar Katrina ta 2005 ta tafi da su. A watan Yunin 2015 saurayin yarinyar ya kashe uwar da haɗin bakinta. Aka yanke mata shekara 10, ta fito a Disamban 2023.

Waɗanda suka girma a haka sukan rasa gane jikinsu. Wani yana jin zazzaɓi ya kasa yarda da gaske ne, wani kuma ƙofar gidan likita ba ya iya shiga ko da ciwon ya kai ciwo. Ga karatun da ya wuce su suna kwance, ga tabon aikin da ba su taɓa buƙata ba. Mafi nauyi shi ne gari duka ya shaida uwar da ƙoƙari, don haka ranar da ɗan ya buɗe baki shi ake kira butulu, balle a ƙasar Hausa inda ƙarar uwa abin kunya ne. Magani yakan fara da likita guda da zai sake duba lafiyar mutum daga tushe, ya janye magungunan da ba su da dalili sannu a hankali, tare da taimakon masanin halayyar ɗan Adam.

Alamar da likitoci suka fi dogara da ita ba ta da wuyar faɗa: ciwon yana tashi ne kawai idan uwar na nan, ya lafa idan aka raba su. Sai kuma labarin da ba ya dacewa da sakamakon awo, da yawan sauya likita. Wannan na ƙarshe ya shafi yanki irin Madarunfa, inda iyalai ke zirga-zirga tsakanin asibitin gunduma, da CSI na ƙauyuka, da Maraɗi, da Jibiya da Katsina a ƙetaren iyaka. Idan karnen lafiyar yaro bai bi shi ba, kowane likita daga bakin uwa yake farawa. Ma'aikacin lafiyar da ya yi zargi, alƙalin yara da ma'aikatan kare yara ne hanyarsa, ba tsegumi a bakin rijiya ba.

Sai dai zargin kansa wuƙa ne mai baki biyu. Meadow ɗin nan ne ya ba da shaidar da ta kai Sally Clark kurkuku a 1999 bisa mutuwar jariranta biyu, kotu ta wanke ta a 2003, ta rasu a 2007. A jihar Maraɗi ma an ga yadda aka ɗora wa mata laifin tamowa lokacin yunwar 2005, abin da masaniyar tarihi Barbara Cooper ta yi rubutu a kai tana ƙalubalanta. Matar da ke komawa asibitin Madarunfa sau uku a damina guda da yaro mai zazzaɓin sauro ko tamowa, ciwon ɗanta yana bayyana a awon jini da ma'aunin damtse, kuma ba ya lafawa don ta fita daga ɗakin.