Daidaita Na'urar Ƙara Sauti a Motar Faɗakarwa

A jihar Tahoua, mota mai lasifika na daga cikin hanyoyin isar da saƙo ga jama'ar da ba ta karatu: sanarwar rigakafi, buɗe ajin yaƙi da jahilci, ko kiran taro. Ana ganin irin waɗannan motoci a kasuwar Lahadi ta birnin Tahoua da kuma kan hanyar Tabalak da Abalak. Sau da yawa murya na fita da ƙarfi amma ba a gane abin da ake faɗa, kuma lasifikar kan ƙone tun aiki bai ƙare ba. Galibi rashin daidaita maɓallai biyu na amfilifaya ne ke jawo haka.

Maɓallin karɓar sauti

Shi ne wanda aka rubuta Gain ko Level a kansa. Mutane da dama na ɗaukarsa maɓallin ƙara murya, alhali aikinsa shi ne daidaita ƙarfin sautin da rediyon mota ke aikowa da abin da amfilifaya za ta iya ɗauka. Idan aka murɗa shi fiye da kima, sauti na dusashewa, siririyar wayar da ke cikin lasifika ta yi zafi har ta ƙone. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Adar ke wuce digiri 40, wannan haɗari na ƙaruwa.

Ga yadda ake daidaita shi:

1. A tayar da injin mota, domin lantarki ya kai wajen volt 14.
2. A kashe duk abin da ke ƙara kaurin murya, kamar Bass Boost da Loudness.
3. A mayar da maɓallin karɓar sauti ƙasa gaba ɗaya.
4. A ƙara muryar rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu.
5. A saka saƙon da za a watsa, a riƙa murɗa maɓallin sannu a hankali har murya ta fara dusashewa, sannan a koma baya kaɗan. Daga nan kada a sake taɓa shi.

Mai gyaran rediyo da ke da mitar awon lantarki zai iya yin aikin da lissafi. Sai ya cire wayoyin lasifika, ya saka sautin gwaji na hertz 1,000, ya auna lantarkin da ke fita. Amfilifaya mai watt 100 da lasifika mai ohm 4 na bukatar volt 20. Mai watt 50 kuwa, volt 14.

Maɓallin rarraba sauti

Kowace lasifika da irin sautin da aka ƙera ta dominsa. Maɓallin HPF na tare sauti mai kauri, LPF kuma na tare siriri. Lasifikar ƙofa ana sa mata HPF a hertz 80, ƙarama kuwa 100 zuwa 120. Babbar lasifikar ganga ana sa mata LPF a hertz 80.

Lasifikar ƙaho da ake ɗaurawa a kan mota ita ce ta fi bukatar kulawa, domin sauti mai kauri na lalata ta da sauri. A sa mata HPF tsakanin hertz 250 da 300. Wannan ba ya rage fahimtar magana, tun da wayar tarho ma tsakanin hertz 300 da 3,400 take ɗaukar murya, kuma ana ji sarai.

Sauran shawarwari

A sa fis kusa da batir. A ajiye amfilifaya inda iska ke ratsawa, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu. Kada a haɗa lasifikoki da yawa a layi guda: biyu masu ohm 4 idan aka haɗa su kai da kai suna komawa ohm 2, kuma ba kowace amfilifaya ke jure haka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa babban mutum zai iya sauraron sauti mai decibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma lokacin na raguwa ƙwarai idan ƙara ta ƙaru. Don haka a hana yara bin mota dab da ƙaho.

Kafin a fita, a tura mutum ya tsaya nesa, kamar taku ɗari, ya maimaita abin da ya ji. Idan za a yi sanarwar da Hausa da Buzanci da Fillanci, a gwada kowane harshe da mai jinsa.