Jirgi, Jagora da Ƙauye: Nazarin Yawon Yini Ɗaya Zuwa Wengen

Ƙauyen Wengen da ke jihar Bern ta ƙasar Suwizalan yana zaune ne a kan wani dandamalin dutse, mita 1,274 daga doron teku, yana leƙen kwarin Lauterbrunnen da ke ƙarƙashinsa. Babu titin da baƙo zai bi da mota ya kai can. Mai son hawa ko dai ya taka sayyadarsa, ko ya shiga ɗan jirgin ƙasa mai launin kore da rawaya wanda ke jan jiki a jikin dutsen cikin kusan kwata na awa. Mazaunansa na dindindin wajen 1,300 ne. Amma da hantsi a lokacin bazara, tarago bayan tarago yakan juye baƙi a tasharsa, kowane ayari da jagoransa a gaba riƙe da 'yar tuta, kuma kafin rana ta faɗi yawancinsu sun koma otal ɗinsu a Zurich ko Luzern ko Interlaken.

Wannan nazari ya duba irin wannan tafiya ne: ta yini guda, a jirgin ƙasa, da jagora. Abin da nake son nunawa shi ne cewa hajar da ake sayarwa a cikinta tsarin lokaci ce, kuma ƙauyen da hotonsa ke kan takardar talla shi ne yakan tashi da kaso mafi ƙanƙanta, a lokacin baƙon da kuma a kuɗinsa.

Sana'ar ta girmi layin dogon Wengen nesa ba kusa ba. A watan Yuli na 1841 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Cook, ya shirya wa mutane kusan 500 jirgi daga Leicester zuwa Loughborough, zuwa da dawowa a yini ɗaya, kan sule guda, domin halartar taron masu yaƙi da shan giya. Duk ginshiƙan sana'ar suna nan tun ranar: ayari, farashi guda, jirgi, da mutum ɗaya da ya ɗauki ɗawainiyar kowa. A 1863 ya kai ayarinsa na farko Suwizalan, kuma wata matashiya daga cikinsu, Jemima Morrell, ta rubuta labarin tafiyar, wadda ta ratsa Lauterbrunnen da Grindelwald. A wancan zamani ƙafa da alfadari da keken doki ne abin hawa a tsaunukan. Manyan masu hawan dutse na Ingila, irin su Leslie Stephen, sun riƙa yi wa mutanen Cook kallon raini, suna ganin talakawa sun zo ɓata musu wurin shaƙatawa. Ke nan ƙorafin cewa baƙi sun yi yawa a tsaunukan Alps ya haura shekara 150, kuma tun asali akwai ƙanshin girman kai a cikinsa. Ya kamata mai nazari ya riƙe wannan a zuciya kafin ya hau kan 'yan yawon yau da faɗa.

Jirgin ƙasa na yau da kullum ba ya iya hawan tudu mai tsayi, domin ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe sulɓewa take yi. Maganin da injiniya Niklaus Riggenbach ya kawo, wanda aka fara aiki da shi a dutsen Rigi a 1871, shi ne a shimfiɗa dogo na uku mai haƙora a tsakiyar biyun, jirgin kuma a sa masa gargare mai haƙora a ƙarƙashinsa, suna cizon juna kamar yadda sarƙar keke ke kama gargarenta. Da wannan dabara layi ya iso Lauterbrunnen daga Interlaken a 1890, sannan a 1893 aka buɗe layin Wengernalp, mai tsawon kilomita 19, wanda ya tashi daga Lauterbrunnen ya bi ta Wengen ya haura Kleine Scheidegg, mita 2,061, ya gangara Grindelwald. Daga nan wani attajirin masaƙa na Zurich, Adolf Guyer-Zeller, ya ƙudiri aniyar huda duwatsun Eiger da Mönch. An fara aikin a 1896, shi ya rasu a 1899, aka buɗe tashar Jungfraujoch a 1912, mita 3,454, tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai har gobe. Ma'aikata 30 ne suka rasa rayukansu a aikin, akasarinsu 'yan ci-rani daga Italiya.

Wannan tarihi shi ya haifi aikin jagora kamar yadda yake a yau. Layukan nan uku kamfanoni daban-daban ne suka gina su, a lokuta daban-daban, kuma ba su dace da juna ba. Faɗin dogon Interlaken zuwa Lauterbrunnen mita ɗaya ne, na Wengernalp santimita 80, na Jungfrau ya sake komawa mita ɗaya da wani irin haƙori na daban. Saboda haka babu jirgin da zai ɗauki mutum daga ƙasa ya dire shi a sama, dole sai ya yi ta sauka yana canzawa. Akwai ma wani tarko tun a Interlaken: jirgin da ke tashi daga can yakan rabu biyu a tashar Zweilütschinen, rabi ya nufi Grindelwald, rabi ya nufi Lauterbrunnen. Wanda ya zauna a taragon da ba nasa ba sai ya tsinci kansa a wani kwari daban. Duk mai son ya ga ainihin aikin jagora, ya tsaya a dandamalin tashar Interlaken Ost da safe. Zai gan shi yana tafe da baya, yana ƙirga kawuna da yatsa, yana duba allon da ke jikin tarago, yana tura masu jinkiri gaba, idonsa ɗaya a kan agogon tasha. Bayanin tarihi da sunayen tsaunuka sai an zauna. Tun 1982 jiragen Suwizalan ke tafiya bisa jadawali mai maimaita kansa kowace awa, an ɗaure kowane jirgi da wanda zai karɓi fasinjansa cikin 'yan mintoci. Tsari ne mai daɗi ga mutum ɗaya da jakarsa. Ga mai jan mutum 30, cikinsu har da tsofaffi da mai neman banɗaki, minti biyar ɗin canji ba wasa ba ne. Abin da baƙo ke biya wa jagora ke nan, kuma a ganina kuɗin ya halatta.

Sai dai a yi lissafin yinin. Daga Zurich zuwa Interlaken kusan awa biyu ne a jirgi, daga nan minti 20 zuwa Lauterbrunnen, sai kwata zuwa Wengen. Zuwa da dawowa, da jiran canji, ya haura awa biyar. Idan tafiyar a Wengen ta tsaya, baƙo zai sami 'yan awoyi na ƙwarai. Amma yawancin tafiye-tafiyen da ake tallatawa burinsu ƙololuwa ne, wato Jungfraujoch, inda ake kallon daskararren kogin ƙanƙara na Aletsch, mafi tsawo a tsaunukan Alps, wanda ke cikin yankin da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2001. Hawa da sauka da tsayuwa a can sun cinye tsakiyar yinin. Ga kuma gajiya, domin iskar wurin kusan kashi biyu cikin uku ce ta wadda ke bakin teku, shi ya sa a jirgin dawowa ake ganin rabin ayari na gyangyaɗi. Abin da ya rage wa ƙauye shi ne 'yar tsayuwa ta ɗaukar hoto, wani lokaci ma ta taga kawai ake nuna shi.

Su wane ne baƙin? A nan mai karatu Bahaushe yana da masaniyar da bai san yana da ita ba. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya sha ganin jarumi da jaruma suna rawa a koren fili, farin dutse a bayansu, kuma da yawa daga cikin wuraren nan na wannan yanki ne na jihar Bern. Mai shirya fim Yash Chopra ya yi ta kawo 'yan wasansa nan, har kamfanin jirgin Jungfrau ya raɗa wa wani jirgi sunansa a 2011, aka kuma kafa mutum-mutuminsa a Interlaken a 2016. Kamfanin ya daɗe yana farautar kasuwa a Japan da Koriya ta Kudu da Sin da Indiya, kuma daga Asiya mafi rinjayen masu hawa ƙololuwar suke. A 2015 adadinsu ya haura miliyan ɗaya a karon farko. Da annobar korona ta rufe iyakoki a 2020, bai kai 400,000 ba. Mutumin da ya yi tattalin shekaru ya zo Turai na kwana goma, zai ga Faris da Rum da Benis, yini ɗaya ne rabon Suwizalan a jadawalinsa. Ba ganganci ne ya sa yake sauri ba.

Yanzu ga batun kuɗi, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Tikitin zuwa Jungfraujoch da dawowa daga Interlaken ya wuce faran 200 na kuɗin Suwizalan ga wanda ba shi da rangwame, kuma yana shiga asusun kamfanin jirgi, wanda ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar hannun jari ta ƙasar. Kamfanin shirya tafiya ya ɗauki nasa a birni. Kwana da abincin dare, waɗanda su ne manyan kuɗin da baƙo ke kashewa, sun tafi ga otal ɗin birni. Ƙauyukan Suwizalan kuwa suna karɓar harajin baƙi ne a kan kowane dare da mutum ya kwana, da shi ake gyaran hanyoyin ƙafa da kujerun hutawa da sauran abin da baƙo ke mora. Ɗan yini ɗaya ya mori duk waɗannan, ya bar shara, bai biya ko anini ba. Wannan ne ya sa a 2024 hukumar Lauterbrunnen ta fara tunanin sa wa masu shigowa da mota na yini guda kuɗin shiga, tsakanin faran 5 zuwa 10, shekarar da Benis ta fara gwada nata na Yuro 5. Shekara guda kafin nan ƙauyen Iseltwald da ke bakin tafkin Brienz ya sa ƙofa a kan wata 'yar gada, faran 5 ga mai son hoto, bayan wani wasan talabijin na Koriya ya jawo masa tururuwar baƙi.

Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Jirgin nan shi ne titin Wengen. Duk wanda ya tsaya bayan tashar zai ga taragon kaya ana sauke buhunan siminti da katan-katan na abinci da kayan otal, 'yan ƙananan motocin lantarki suna jiran ɗauka, shara kuma ta bi hanyar ta sauka. Ɗan makaranta da ma'aikaci da mai zuwa ganin likita a Interlaken duk shi suke hawa. Tikitin gama-gari na ƙasar yana aiki har zuwa Wengen, daga nan zuwa sama sai an ƙara kuɗi, wato hukuma ta ɗauki ɓangaren ƙasa a matsayin hanyar jama'a, na sama a matsayin shaƙatawa. Kamfanin jirgin yana cikin manyan masu ba da aiki a yankin, kuma da wuya ƙauye mai mutum 1,300 ya sami jirgi mai yawan zirga-zirga haka in da don mazaunansa kaɗai ake tafiyar da shi. Ɗan yini ɗaya bai sayi komai a kantin ƙauye ba, amma kujerar da ya biya tana cikin abin da ke riƙe da layin.

Raunin wannan tsari shi ne ƙauyen ba shi da ta cewa a kan inda jadawali zai karkata. A watan Disamba na 2020 aka buɗe Eiger Express, wato akwatunan fasinja da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe daga Grindelwald zuwa tashar Eigergletscher cikin minti 15, abin da ya rage wa mai zuwa ƙololuwa minti 47. Ga mai shirya tafiyar yini guda wannan garaɓasa ce, kuma hanyar ba ta bi ta Wengen ba. Masu son ganin kwarurukan biyu sukan hau ta Grindelwald su sauko ta Wengen da yamma, a lokacin da ƙafa ta yi nauyi kuma jagora ya fara lissafin jirgin komawa birni.

Abin da ake wucewa ba kaɗan ba ne. A farkon bazara ake kora shanu zuwa makiyayar sama, su yi wata uku can ana yin cuku da madararsu, a sauko da su a Satumba. Wannan kiwo ne ke hana daji cinye korayen filayen da baƙo ya zo ɗauka a hoto. A watan Janairu kuma ana gasar zamiyar ƙanƙara ta Lauberhorn, wadda aka fara a 1930, mai hanyar gangara mafi tsawo a gasar cin kofin duniya, fiye da kilomita huɗu. Baƙin hunturu masu zuwa zamiyar ƙanƙara su ne masu kwana a otal-otal ɗin ƙauyen, tun zamanin da Turawan Ingila suka mai da shi wurin hutunsu. Ita kanta ƙanƙarar da ake rububin gani tana ja da baya: masana ƙasar sun auna cewa a shekarun 2022 da 2023 kaɗai kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun yi asarar kashi goma cikin ɗari na girmansu.

Shawarar Lauterbrunnen ta ware masu zuwa a jirgi daga biyan kuɗin shiga, kuma ta fuskar cunkoson motoci a ƙuntataccen kwari hakan daidai ne. Amma ba ta taɓa matsalar Wengen ba, tunda kusan duk baƙinsa a jirgi suke zuwa. Idan ana son ƙauyen ya ci moriyar ɗan yini ɗaya, wurin da ya dace a gyara shi ne cikin tikiti da cikin jadawalin masu shirya tafiya: wani kaso bayyananne ga ƙaramar hukuma, da tsayuwar da za ta isa a ci abincin rana a ƙauye. Mai karatu da Allah ya nufa da zuwa can, kafin ya biya kuɗin irin wannan tafiya, ya tambayi kamfanin awa nawa zai yi da ƙafarsa a ƙasa a cikin ƙauyen. In amsar ba ta kai awa biyu ba, tikitin jirgi ne ake sayar masa da sunan ziyarar ƙauye.