Tarihin da Ke Kan Kariyar Keke: Daga Madobi Zuwa Tiga



A ƙasashen Turai akwai wani irin hutu da mutane ke biyan kuɗi masu kauri domin su yi. Za su hau keke su yi kwanaki suna ratsa ƙauyukan wani tsibiri, ɗan jagora na gaba yana nuna musu gonaki da tsofaffin gine-gine, inda dare ya yi musu nan za su kwana. Al'adar ta daɗe, domin tun 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawon buɗe ido a kan keke a Ingila. A wajenmu kuwa keke bai taɓa zama abin hutu ba, abin neman abinci ne. Amma muna da namu tsibirin. Duk wanda ya bi hanyar Zariya a watan Fabrairu ya san shi: ko'ina ya bushe ƙurmus, sai kawai ka faɗo cikin kore shar daga Kura zuwa Kadawa har Bunkure. Yau muna so mu bi tarihin wannan yanki a zango uku, kamar masu tafiyar kwana uku a kan keke, mu ga abin da muka bari ba mu rubuta ba.

Zangon farko Madobi ne, garin da ke tsakanin kogin Challawa da kogin Kano. Mun fara da shi ne saboda layin dogo. Keken da muka sani, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa, a 1885 John Kemp Starley ya fito da shi a birnin Coventry na Ingila, sannan a 1888 John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Amma kaya irin wannan ba ya yawaita a ƙasar da sai raƙumi ko jaki ke kawo mata haja. Sai da layin dogo ya iso Kano a 1911, ya ratsa ta ƙasar Madobi, sannan hanya ta buɗe. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya kankama. Jirgin da ke kwasar buhunan gyaɗa zuwa Legas shi ne ke dawowa da atamfa da kananzir da kwanon rufi da kekuna.

Da farko keke na masu albashi ne da masu hannu da shuni: malamin makaranta, malamin haraji, malamin asibiti, ɗan kasuwar da ke sayen gyaɗa. A hankali manomin da damina ta yi wa kyau ya shiga sahu. Dattawanmu na ba da labarin zamanin da ake yankar wa keke lasin a hannun En'e, da yadda ɗan doka ke tare wanda ya hau da dare babu fitila. Sunan Raleigh ya shiga bakin mutane har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Saurayin da ya sayi sabo yakan naɗe jikinsa da leda kada fenti ya goge, ya ƙara madubi da ƙararrawa, ranar kasuwa ya fito ana nuna shi. Mu kuma da muka taso daga baya, a keken haya muka koya, muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda saboda ba mu kai sirdi ba.

Zango na biyu, mu tsallaka kogin Kano mu shiga Kura, mu gangara Kadawa. Kafin ruwan dam, an fi sanin Kura da rini. Baƙin yadinta mai sheƙi har cikin Sahara ake kai shi, Buzaye na naɗa rawani da shi. Noman rani a wancan lokaci na bakin fadama ne, da jigo da guga, ɗan lambun da ƙarfin mutum ɗaya zai iya shayarwa. Da an gama girbi, samari da yawa sai su tafi cin rani.

Abin ya sauya bayan an ƙirƙiro jihar Kano a 1967, aka naɗa Audu Bako gwamna. Gwamnatinsa ta ɗauki gina madatsun ruwa da muhimmanci. Aka gina ta Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, sannan aka gina babbar madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel. Tsarin da aka zana na kashin farko ya kai kimanin hekta 22,000. Hikimar aikin ita ce ba inji ke tura ruwan ba. Tiga na kan tudu, gonakin na gangare, don haka ruwa ke biyo babbar magudana da ƙafarsa, ya rabu zuwa ƙanana, har ya iso bakin gona inda manomi zai ja shi da bututun roba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta.

To ina keke a cikin wannan? Kowace magudana tana da 'yar hanya a gefenta. Da aka baje ƙasa aka sake yanka gonaki, an mayar wa manoma filaye bayan an rage wani kaso domin hanyoyi da magudanai, kuma ba kowa ne ya sami tasa a inda ya saba ba. Ga shi noman ban-ruwa ba ya jira. Ranar da aka sako ruwa a layinka, dole ka kasance a wurin. Keke ne ya haɗa gida da gona. Shi ke ɗaukar buhun taki da asuba, ya dawo da ciyawar dabbobi da yamma, ya kai kwandon tumatir bakin titi inda motocin Kudu ke lodi. Shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke kai sanarwar rasuwa ƙauye na gaba. A kowace mararraba akwai mai faci a gindin bishiya, da famfo da kwanon ruwan da yake tsoma tub domin gano inda ya huje.

Gonakin nan sun ga siyasa iri-iri. A 1987 gwamnatin Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, aka ƙarfafa wa manoma gwiwa su noma ta, bayan 'yan shekaru kuma aka janye hanin. Shinkafa ta bunƙasa har Kura ta zama cibiyar sarrafa ta. Tumatir ya raya kasuwar Kwanar Gafan. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, a shekarar kuma tsutsar da aka yi wa laƙabi da ebolar tumatir ta cinye gonaki. Duk wannan hawa da sauka, a kan kariyar keke aka yi dakon wani sashe nasa.

Zango na uku, mu bi ta Bunkure mu haura Rano mu isa Tiga. Nan ne ya kamata marubuci ya sauka daga keke ya yi shiru. Bangon madatsar ya kai kusan kilomita 6, ruwan da ke bayansa kuma ya shimfiɗu iya ganinka. A ƙarƙashinsa akwai gonaki da kufai da maƙabartu, domin dubban mutane aka tasa kafin a tare kogin. Can ƙasa kuma, wajen Hadeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman fadama suka dogara da ita duk shekara ta ragu. Koren da muke yabawa a Kadawa akwai waɗanda suka biya kuɗinsa. Tarihin da ya ambaci wanda ya samu ya manta da wanda ya rasa, rabin tarihi ne.

Shi ma keken ya ga nasa juyin. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya ɗora ma'aikata a kan babur. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, kekunan Sin irin su Phoenix, masu sauƙin kuɗi, suka mamaye kasuwa. Daga baya baburan Sin suka cika ƙauyuka, har hawa keke ya zama alamar rashi a idon wasu. Sai ga ranar 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin man fetur, mutane suka shiga zaure suna kakkaɓe ƙurar kekunan da suka jingine.

Ga inda abin ya shafe mu. Turawa sun yi rubutu a kan wannan yanki. Tina Wallace ta yi nazarin rayuwar manomansa a shekarun 1970, Gunilla Andrae da Björn Beckman sun fitar da littafi kan siyasar alkama a 1985. Da Turanci suka rubuta, domin masu karatunsu. Mu kuwa, sau nawa muke buɗe labari da jarumi a cikin mota mai baƙin gilashi, a unguwar da ba mu taɓa kwana ba? Wanda yake ɗan shekara 20 ranar da aka kammala Tiga, yau ya ba 70 baya. Kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu tare da abin da suka gani.

Shawararmu ita ce mu yi wannan tafiya da gaske, mutum uku ko huɗu, a lokacin sanyi sa'ad da alkama ke kore. Mu nemi ɗan gari ya yi mana jagora, mu fara da gaida mai unguwa kafin mu buɗe littafin rubutu. Mai mota gona kawai yake gani ta taga. Mai keke kuwa dole ya yi sallama, dole ya roƙi ruwan sha, in taya ta yi faci dole ya zauna a benci tare da dattawa, a nan kuma hira ke fitowa. Mu tambaye su wanda ya fara sayen keke a garin da nawa ya saya. Mu tambayi inda gonar mahaifinsu take kafin a yanka filaye, da ranar da suka fara ganin ruwa na gudu a tsakiyar rani. Mu tambayi iyayenmu mata su ma, waɗanda suka yi tsintar tumatir da turara shinkafa. Mu rubuta da kalmominsu, mu nemi izini kafin mu ambaci sunan kowa.

Wanda ba shi da halin kwana uku, ya fara da mai facin unguwarsu. Allah ya ƙara mana basira, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.