Shaolin: Gidan Ibadar da Ya Zama Makarantar Faɗa

A shekarar 495 Miladiyya ne sarki Xiaowen ya gina gidan ibada na Shaolin a dutsen Song, cikin lardin Henan na ƙasar Sin, domin wani malamin addinin Buddha da ya zo daga Indiya. Addinin ya haramta kisa, amma gidan ya mallaki gonaki masu yawa, dukiya kuwa sai da mai tsaro. A 621 sufayensa suka taimaki Li Shimin, wanda daga baya ya zama sarkin daular Tang, wajen yaƙar abokin gabarsa. A 1553 kuma suka fita yaƙar 'yan fashin teku. A lokacin, da sanda suka yi suna.

Daga baya faɗan hannu ya bunƙasa, aka haɗa shi da sarrafa numfashi, har horon ya zama hanyar ladabtar da zuciya. Ita kanta kalmar kungfu asalin ma'anarta gwanintar da naci da daɗewa suka haifar.

A 1928 madugun yaƙi Shi Yousan ya ƙone gidan, littattafai suka salwanta. Horon dai ya tsira, domin a jikin almajirai yake.