Yadda Masana Kiɗa Suka Zama Shaidu a Kotunan Amurka

Sana'ar feɗe waƙa don gano ko an saci fasahar wani, kotu ce ta haife ta. A shekarar 1946 kotun ɗaukaka ƙara da ke New York ta saurari ƙarar Ira Arnstein, wanda ya zargi Cole Porter da sace masa karin waƙoƙi. Daga baya Arnstein ya sha kaye, amma ƙa'idar da aka shimfiɗa ta zauna daram. Kotun ta raba maganar gida biyu. Na farko, shin an kwaikwaya? Nan masanin kiɗa na iya ba da shaida, ya rubuta waƙoƙin biyu a takarda, ya jera su sauti bayan sauti. Na biyu, shin kwaikwayon ya kai ga cin haƙƙi? Wannan kuwa kunnen gama-garin mai sauraro aka bar wa.

A 1976 aka ga amfanin aikin a fili. Masana suka nuna cewa gajerun kari guda biyu da ke cikin "My Sweet Lord" ta George Harrison sun bi jerin da ke cikin "He's So Fine". Alƙali Richard Owen, wanda shi ma yana tsara kiɗa, ya yanke cewa Harrison ya kwaikwaya, ko da yake ba da saninsa ba.

Shari'ar da ta buɗe kasuwar sosai ita ce ta 2015, lokacin da iyalan Marvin Gaye suka yi nasara kan Robin Thicke da Pharrell Williams a kan waƙar "Blurred Lines", wadda suka ce an kwaikwayo daga wata waƙar Gaye. Masaniyar kiɗa Judith Finell ce ta ba da shaida a ɓangaren iyalan, aka yanke diyyar dala miliyan 7.4, daga baya aka rage zuwa 5.3. Hankalin kamfanonin waƙa ya tashi, suka koma kiran masana tun kafin waƙa ta fita, don a gyara inda ake gudun rigima.

Masu kare kansu ma sun koyi dabara: su tono tsofaffin waƙoƙi su nuna cewa abin da ake jayayya a kai mallakar kowa ne. Da irin wannan hujja a 2020 aka soke hukuncin da aka yi wa Katy Perry, Ed Sheeran kuma ya tsira a 2023 bayan shaidar masanin kiɗa Lawrence Ferrara. Yau babbar shari'ar waƙa ba ta rasa masani a kowane ɓangare, kowa da wanda yake biyansa.